'YA'YAN ITATUWAN DAJI DA SINADARAN HANA TSATSAR JIKI

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ɓare goro ya ajiye ɓarin na ɗan lokaci ya san cewa fuskar da aka ɓare kan rine, daga baya ta yi duhu. Uwargidan da ta bar man gyaɗa a buɗe wata da watanni ita ma ta san yadda warinsa da ɗanɗanonsa ke sauyawa. Haka nan manomi bai jahilci abin da ke samun fartanyar da aka bari tana kwana a raɓa ba. Waɗannan abubuwa, duk da bambancinsu a ido, asalinsu ɗaya ne a wurin masana kimiyya, wato haɗuwar iskar oksijin da wani abu har ta sauya masa kama. Irin wannan sauyi yana faruwa a jikin ɗan Adam dare da rana, kuma don sauƙin bayani za mu kira shi tsatsar jiki a wannan maƙala. Sinadaran da ke tare shi kuwa, waɗanda masana ke kira antiyoksidan, za mu kira su sinadaran hana tsatsa.

A 'yan shekarun nan sunan waɗannan sinadarai ya cika tallace-tallacen magunguna da kayan sha, har wasu na ɗaukarsu maganin kowace cuta. A ɗaya ɓangaren kuma, kuka da magarya da ɗinya da kanya da goruba, waɗanda Allah ya cusa wa irin waɗannan sinadarai, sun zama abin raini, ana yi musu kallon abincin yara da makiyaya, itatuwansu kuma na tafiya a gatari. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa mai karatu yadda sinadaran ke aiki, da waɗanda ke cikin 'ya'yan itatuwanmu, da kuma inda amfaninsu ya tsaya.

Mece ce tsatsar jiki?

Oksijin ita ce kimanin kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, kuma babu mai rayuwa minti kaɗan ba tare da ita ba. An gina jiki da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda ake kira sel. A cikin kusan kowane sel akwai wasu 'yan murhuna da ake kira mitokondiriya, inda ake ƙona abincin da muka ci da oksijin don a sami ƙarfi. To, kamar yadda murhu ba ya rasa tartsatsi, haka wannan ƙuna ba ta rasa ɓarɓashi.

Bayanin tartsatsin shi ne kamar haka. Kowace ƙwayar zarra tana da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu cajin lantarki da ake kira elektiron, kuma a yawancin sinadarai sukan zauna ne bibbiyu. Idan aka sami sinadarin da elektiron ɗinsa guda ya rasa abokin zama, sai ya kasa natsuwa, ya shiga neman wanda zai fizga daga maƙwabci. Irin wannan sinadari za mu iya kiransa gwauro. Da zarar gwauro ya fizge elektiron daga kitsen da ke bangon sel, sai kitsen shi ma ya zama gwauro, ya fizgi na kusa da shi, abin ya yi ta yaɗuwa kamar wutar daji. Wannan ne ke lalata man da ya daɗe. A jiki kuwa, ɓarnar kan shafi bangon sel da furotin da sinadarin gado da ake kira DNA. Hayaƙin taba da na itacen girki da zafin hasken rana da wasu magungunan ƙwari duk suna ƙara yawan gwauraye.

A shekarar 1954 wata masaniya 'yar ƙasar Ajantina mai suna Rebeca Gerschman da abokan aikinta suka nuna cewa illar yawan oksijin da illar hasken hoton ƙashi suna bin hanya ɗaya, wato ta gwauraye. A 1956 kuma Denham Harman na Amurka ya kawo ra'ayin cewa taruwar wannan ɓarna tana da hannu a tsufa. Sai dai ya kamata a lura cewa gwauraye suna da nasu amfanin. Fararen ƙwayoyin jini da su suke kashe ƙwayoyin cuta, kuma sel-sel na amfani da kaɗan daga cikinsu wajen aika wa juna saƙo. Matsala tana tasowa ne idan yawansu ya fi ƙarfin garkuwar jiki.

Garkuwar ciki da ta waje

Jiki yana da dakarunsa na cikin gida. A 1969 Joe McCord da Irwin Fridovich na Jami'ar Duke a Amurka suka gano aikin wani inzayim da ke kama gwauron oksijin mai suna sufa'oksayid ya mai da shi wani ruwa mai sauƙin illa, daga nan wani inzayim ɗin mai suna katales ya farfasa ruwan ya koma ruwan sha da oksijin. Waɗannan dakaru jiki ne ke ƙera su, amma yana bukatar ma'adinai irin su tagulla da zinki da ƙarfe da seleniyom daga abinci kafin su yi aiki.

Akwai kuma dakarun da ake ɗaukowa daga waje. Siffarsu ita ce suna iya ba gwauro elektiron guda ba tare da su kansu sun zama masu ɓarna ba, da haka sarƙar fizge-fizgen ta tsinke. Bitamin E yana zaune cikin kitsen bangon sel yana wannan aiki. Idan ya bayar da nasa ya gaji, sai bitamin C da ke cikin ruwan jiki ya mayar masa, ya koma fagen aiki. Wato dai aikin gayya ne, babu sinadari ɗaya da ke ɗauke shi shi kaɗai.

Wani abin mamaki shi ne akuya da tunkiya da kare suna ƙera bitamin C a hantarsu, amma ɗan Adam da birai ba sa iyawa, domin sun rasa inzayim na ƙarshe a jerin ƙera shi. Saboda haka dole mu ci shi a abinci. Wanda ya yi wata ɗaya zuwa uku bai samu ba, dasashinsa kan kumbura ya riƙa zubar da jini, miki ya ƙi warkewa, domin da bitamin C ake gina zaren da ke ɗaure nama da jijiyoyin jini. Wannan cuta ta hallaka matuƙan jiragen ruwa masu yawa a ƙarnonin baya. A 1747 wani likitan sojan ruwa na Birtaniya, James Lind, ya gwada magunguna iri-iri a kan marasa lafiya 12, ya ga waɗanda aka ba lemo su ne suka farfaɗo. Sai a farkon shekarun 1930 aka tabbatar da sinadarin, kuma Albert Szent-Györgyi na ƙasar Hangari ya sami kyautar Nobel a 1937 saboda aikinsa a kai. Cutar ba ta zama tarihi ba, domin ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira na Somaliya da Sudan da Habasha a shekarun 1980, inda mutane suka daɗe suna cin hatsi da mai kaɗai.

Me ya sa itace ke ƙera su?

Itace ba don mu yake ƙera waɗannan sinadarai ba, don kansa yake yi. Dabba idan rana ta dame ta sai ta nemi inuwa, amma aduwa da magarya a inda suka tsira nan za su sha zafin bazara. A lokacin fari, ganye kan rufe ƙofofin numfashinsa don kada ruwa ya ƙare, alhali hasken rana bai daina sauka a kansa ba. Ƙarfin hasken da bai sami aikin yi ba sai ya faɗa kan oksijin, gwauraye su yawaita. Itacen da zai rayu a irin wannan ƙasa dole ya tanadi garkuwa mai kauri.

Akwai shaida mai kyau a kan wannan daga kaɗanya. A wani bincike da Steven Maranz da Zeev Wiesman suka wallafa a 2004, an auna bitamin E a man kaɗe na ƙasashen Afirka da dama, aka tarar na wurare masu zafi da fari, kamar kewayen Njamena a Chadi, ya fi na tuddai masu sanyi na arewacin Yuganda nesa ba kusa ba. Wato wahalar da itacen ya sha ita ce ta zama ribar mai ci.

Wasu sinadaran kuma aikinsu biyu ne. Ɗanyar kanya tana da bauri mai kama baki, wanda ke korar dabbobi kafin iri ya ƙosa. Idan ta nuna sai baurin ya ragu, zaƙi ya ƙaru, launi ya sauya, tsuntsu da biri su zo su ci su kai irin nesa. Ba banza Bahaushe ya ambaci biri a karin maganar nan ta "kanya ta nuna, biri ya karye" ba, domin biri na cikin manyan masu yaɗa irinta.

Rukunonin sinadaran da itatuwan da ke ɗauke da su

Rukuni na farko shi ne bitamin C, kuma a nan kuka ce sarauniya. Lemon zaƙi yana da kimanin miligiram 50 a kowane giram 100. Farin garin da ke lulluɓe da 'ya'yan kuka kuwa, awon da aka yi a kan itatuwa daban-daban a ƙasar Mali ya nuna yana da tsakanin miligiram 150 zuwa 500 a giram 100. Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona sun ƙiyasta bukatar baligi a kan miligiram 45 a rana. Idan mai karatu ya yi lissafi zai ga cewa giram 30 na garin kuka mafi rauni ya biya wannan bukata, na mafi ƙarfi kuwa giram 9 ya wadatar. Wato cokali ɗaya zuwa uku na cin abinci ke nan. Wata baiwar kuka ita ce garinta yana bushewa ne tun cikin ƙwaryarsa a kan itace, kuma ƙwaryar na kare shi daga iska da haske. Matan Fulani sun daɗe suna dama shi cikin nono. A Senegal ana yin wani abin sha da shi mai suna buyi, a Sudan kuma ana kiransa gongoles, ana yawan shan sa a watan azumi. Danya, wadda ake kiran 'ya'yanta nunu, ita ma awon da aka yi mata a kudancin Afirka ya nuna ta ninka lemo. Ɗanyar magarya da ta nuna tana kamo lemo, wani irin ma ya wuce shi.

A nan akwai wani kuskure da ya kamata a gyara. Mutane da yawa na zaton duk abu mai tsami cike yake da bitamin C. Tsamiya ta ƙaryata wannan zato, domin tsaminta daga wani sinadari ne mai suna tatarik, bitamin C ɗinta kuwa bai wuce miligiram kaɗan a giram 100 ba. Amfaninta ta wata fuska yake, kamar yadda za mu gani.

Rukuni na biyu shi ne polifinol, babban gida mai dubban 'ya'ya. Daga cikinsu akwai tanin, mai haddasa baurin kanya da goro da ganyen shayi, kuma yana da yawa a ɓawon irin tsamiya. Akwai kuma antosayanin, mai ba 'ya'yan itatuwa launin ja da shuɗi da baƙi-baƙi, kamar wanda ake gani a jikin zoɓo da 'ya'yan itatuwa masu duhun fata. Mai karatu na iya gwada shi a gida: a ɗiga ruwan kanwa cikin jiƙon zoɓo, za a ga jan ya juye ya yi duhu zuwa kore-kore, a matsa lemon tsami kuma a ga ya dawo. Goruba da ɗinya da taura da kurna duk an auna polifinol a cikinsu. Goruba ma tsohuwar abokiyar ɗan Adam ce, domin an tsinci 'ya'yanta a kaburburan Misirawan dauri, kuma har yau ana shan jiƙonta a Masar da Sudan.

Rukuni na uku shi ne karotinoyid, masu launin rawaya da ruwan goro, irin waɗanda ke rina manja da karas da naman nunannun 'ya'yan giginya. Wasu daga cikinsu jiki na mai da su bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, ya kuma raunana yara a gaban ƙyanda da gudawa. Su a mai suke narkewa, don haka jiki ya fi shan su idan an ci su tare da abu mai maiƙo, kamar nono ko gyaɗa.

Rukuni na huɗu shi ne bitamin E, wanda Herbert Evans da Katharine Bishop suka gano a 1922. Shi a cikin iri mai mai yake zama, inda yake hana man lalacewa kafin iri ya tsira. Man kaɗe da man aduwa na cikin inda ake samun sa.

Akwai hikima kuma a lokutan nunar waɗannan itatuwa. Kuka da magarya da kurna da aduwa da kanya da tsamiya suna zuwa ne bayan kaka, cikin hunturu da rani. Ɗorawa tana zuwa da bazara, kaɗanya da danya kuma a bakin damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wato suna cike giɓin watannin da ɗanyen ganye ya yi ƙaranci a karkara.

Yadda ake auna su, da iyakar awon

A ɗakunan bincike na jami'o'inmu hanyoyi biyu aka fi bi. A ta farko, ana jiƙa garin ɗan itace a ruwa ko wani sinadarin narkarwa, a tace, sannan a zuba shi cikin wani ruwa mai launin shunayya da ake kira DPPH, wanda shi kansa gwauro ne mai daɗewa. Gwargwadon yadda shunayyar ta kwashe ta koma rawaya, gwargwadon ƙarfin jiƙon ke nan. Marsden Blois ne ya fito da wannan hanya a 1958. A ta biyu kuma ana amfani da ruwan Folin da Ciocalteu, wanda ke komawa shuɗi idan ya haɗu da polifinol, sai na'ura ta auna kaurin shuɗin.

Waɗannan hanyoyi suna da sauƙi da arha, shi ya sa ɗalibai suka yi musu rubdugu. Amma kwalbar gwaji daban, cikin mutum daban. Yawancin polifinol ɗin da muka ci ba ya shiga jini yadda yake. Kaɗan ne hanji ke sha, hanta kuma ta sauya masa kama ta fitar da shi cikin sa'o'i. Saura ya gangara babban hanji, inda ƙananan halittun da ke zaune can suke farfasa shi. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa wani ɓangare na amfaninsa yana zuwa ne ta hanyar zaburar da sel su ƙera dakarunsu na cikin gida, da kuma ciyar da halittun hanji masu amfani. Saboda irin waɗannan dalilai ne a 2012 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta janye jadawalin da ta wallafa na ƙarfin hana tsatsa na abinci iri-iri, ta ce 'yan kasuwa na amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba, kuma alƙaluman ba sa nuna abin da ke faruwa a jiki. Don haka idan aka ce jiƙon wani itace ya kwashe launin DPPH, an faɗi gaskiya game da itacen. Idan kuwa aka ɗora da cewa yana warkar da ciwon suga ko sankara, to an tsallake rijiyoyi da yawa, domin wannan sai an gwada a kan mutane.

Darasin ƙwayoyin magani

Tun shekarun 1980 bincike ya yi ta nuna cewa mutanen da ke yawan cin 'ya'yan itatuwa da ganyaye sun fi tsira daga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Sai masana suka yi tunanin a ciro sinadarin guda, a dunƙule shi ƙwaya, a ba mutane da yawa. An gwada, sakamakon kuwa ya girgiza kowa.

A ƙasar Finlan an ba maza masu shan taba 29,133 ko dai bita-karotin, ko bitamin E, ko duka biyu, ko ƙwayar da ba komai a cikinta. Da aka fitar da sakamako a 1994, sai aka ga sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka sha bita-karotin. A Amurka an yi wani gwajin a kan mutum 18,314, masu shan taba da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbesto, inda aka haɗa bita-karotin da bitamin A. Dole aka tsayar da shi a 1996 kafin wa'adinsa, domin sankarar huhu ta ƙaru da kashi 28 cikin 100. A 2011 kuma wani gwajin da ya ƙunshi maza 35,533 ya nuna cewa shan bitamin E mai yawa kullum ya ƙara sankarar furostet ta maza da kashi 17 cikin 100.

Abin da za a fahimta a nan shi ne ɗan itace ya ƙunshi ɗaruruwan sinadarai kaɗan-kaɗan, tare da harza da ma'adinai da ruwa, kuma jiki ya saba karɓar su a haka. Ƙwaya kuwa sinadari ɗaya ce da aka ninka sau da yawa. Wannan bai hana shan bitamin da likita ya rubuta ba, kamar bitamin A da ake ɗiga wa yara ko ƙwayar ƙarin jini ta masu ciki, domin waɗannan ana bayar da su ne don cike giɓin da aka tabbatar. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi ita ce ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da ganyaye a rana. Wanda kuɗinsa bai kai na tufa da inabi ba, magarya da ɗinya da kanya na shiga wannan lissafi daidai wa daida. Mai hawan jini ko ciwon suga kuma kada ya ajiye maganinsa ya koma jiƙon goruba, ya tuna kuma cewa maɗi da alewar ɗinya sukari ne. Aduwa ma idan aka yawaita ta kan saki ciki.

Inda amfanin ya fi bayyana: ƙarancin jini

Akwai wani amfani na bitamin C da babu jayayya a kansa, kuma ya shafe mu ƙwarai. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59, da kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49, suna fama da ƙarancin jini. Dalilan suna da yawa, har da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila, amma rashin sinadarin ƙarfe a abinci na cikin manyansu. Gero da dawa da wake suna da ƙarfe, sai dai yana cikin siffar da hanji ke wahalar sha, ga kuma wani sinadari a dusarsu mai suna fayitet da ke riƙe shi. Bitamin C kan ba ƙarfen elektiron guda, irin kyautar nan da yake yi wa gwauro, sai ƙarfen ya koma siffar da hanji ke sha da sauƙi. Sharaɗin shi ne a ci su a zama ɗaya. Saboda haka cokalin garin kuka cikin fura ko kunun yaro yana yin aiki biyu.

Tanin kuwa akasin haka yake yi, yana kama ƙarfe ya hana hanji sha. Mai ciki ko mai ƙarancin jini ya fi mata kyau ta jinkirta shayi mai kauri da goro zuwa sa'a ɗaya ko biyu bayan cin abinci. Wannan ya nuna cewa sinadarin hana tsatsa ma yana da lokacin da yake amfani da lokacin da yake cutarwa.

Yadda za a kiyaye su a girki da ajiya

Bitamin C shi ne mafi rauni a cikinsu. Zafi da iska da haske suna cin sa, haka ma taɓa tagulla da ƙarfe. Kanwa kuwa babbar abokiyar gabarsa ce, yayin da tsami ke tsare shi. A nan amfanin tsamiya ya fito, domin kunun tsamiya ya fi kunun kanwa riƙe bitamin ɗin da aka zuba masa. Don haka a jiƙa garin kuka a ruwan sanyi mai tsabta, ko a zuba shi bayan an sauke kunu ya huce, kada a tafasa shi. A bar 'ya'yan kuka cikin ƙwaryarsu har ranar bukata, garin da aka riga aka daka kuma a rufe shi cikin mazubi mai murfi a wuri mai duhu. Magarya da kurna idan za a shanya su, inuwa mai iska ta fi tsakiyar rana. Abin da aka tsinta a ƙasa a wanke shi, wanda ya yi fumfuna kuwa a zubar, domin wasu nau'o'in fumfuna na fitar da dafin da ke lalata hanta.

Makomar itatuwan

A 1916 wani likitan Turawan mulki, J. M. Dalziel, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Wani ɓangare na abin da ke ciki daga bakin mutanen ƙasa ya samo shi. Yau da wuya yaron birni ya bambance taura da tsada ko gawasa. Itatuwan kansu suna raguwa saboda gawayi da itacen girki da faɗaɗa gonaki. A wurare da yawa manyan kukoki ake gani ba ƙanana, domin dabbobi na cinye tsiron, yawan sassabe ganye don miya kuma na rage 'ya'ya.

Alhali kuwa a 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a kasuwanninta, Amurka ta biyo baya a 2009, kuma yanzu ana sayar da shi can da tsada a matsayin abincin lafiya. Idan ba mu yi hattara ba, kuka za ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Akwai hanyar gyara, kuma an gan ta a ƙasar Hausa. Daga 1983 manoman yankin Maraɗi, tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka soma barin kututturan da ke tohowa a gonaki, suna rage rassan suna renon mafi ƙarfi. An ƙiyasta cewa wannan dabara ta dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. A Mali kuma masu bincike sun nuna cewa idan aka yi wa kuka aure, wato aka ɗaura reshen uwa mai kyau a kan ƙaramin dashe, takan yi 'ya'ya cikin kimanin shekara 5 ko ƙasa da haka, maimakon dogon jiran da aka sani. Tun da kuka ɗaya na iya ninka wata sau uku a bitamin C, aikin da ke gaban sassan nazarin halittu da gandun daji na jami'o'inmu shi ne su auna itatuwa ɗaya-ɗaya, su tambayi mata da makiyaya waɗanda suka fi zaƙi da yawan 'ya'ya, a zaɓi iyaye nagari a yaɗa su.

Kammalawa

Mun ga cewa tsatsar jiki sakamakon numfashi ce da babu makawa, kuma jiki na tare ta da dakarunsa na ciki tare da taimakon abin da muke ci. Mun ga cewa itatuwan dajinmu, saboda zafi da farin da suke jurewa, sun tara bitamin C da polifinol da karotinoyid da bitamin E, kuma amfaninsu yana cikin cin su a matsayin abinci, iri-iri, a kai a kai. Kira a nan shi ne ga iyaye su mayar da su cikin abincin yara, ga malaman makarantu su koya wa ɗalibai sunayensu da lokutan nunarsu, ga manoma kuma su bar wa kuka da magarya da kaɗanya gurbi a gona. Masu sarauta da hukumomin gandun daji su ma suna da rawar takawa wajen hana sare itace mai 'ya'ya don gawayi, domin buhun gawayi kwanaki kaɗan yake yi a murhu, kuka kuwa takan ciyar da zuriya bayan zuriya har ɗaruruwan shekaru.